Olomana: Tsaunin da Ke Gwada Abota a Tsibirin Oahu

A ma'aunin manyan tsaunukan duniya, Olomana ƙaramin alhaki ne. Tsayinsa mita 501 kacal daga bakin teku, ko kaso ɗaya cikin goma na Kilimanjaro bai cika ba. Babu ƙanƙara a samansa, numfashi ba ya sarƙewa don ƙarancin iska, kuma mutum kan iya karya kumallo a birnin Honolulu, ya hau, ya sauko, ya je ya yi wanka a teku tun rana ba ta yi sanyi ba. Duk da haka, a shekarar 2022 sai da hukumomin Hawai suka kafa allo a kan hanyar hawansa, suka rubuta ƙarara cewa mutum shida sun faɗo sun mutu bayan sun wuce ƙololuwa ta farko.

Allon bai rufe hanya ba, bai kuma hana kowa hawa ba. Har yau, duk safiyar Asabar da Lahadi, za ka ga abokai uku-uku, biyar-biyar, sun ajiye mota a bakin titi suna ɗaure igiyar takalmi. Akwai ɗalibai, akwai sojojin ruwa daga sansanin Kaneohe da ke kusa, akwai kuma baƙi daga cikin miliyoyin 'yan yawon buɗe ido da ke kwarara Hawai, waɗanda yawansu ya haura miliyan 10 a 2019. Da wuya ka ga mai hawa shi kaɗai. Abota ce ke kai mutane kan wannan tsauni, ita ce ke dawo da mafi yawansu gida lafiya, kuma ita ɗin ce wani lokaci ke ingiza mutum ya taka inda ƙafarsa ba ta yarda ba.

Rabin tsauni ya faɗa teku

Oahu na ɗaya daga cikin tsibiran Hawai, can tsakiyar Tekun Fasifik, nisan kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kalifoniya. Hawai ta zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959. A Oahu ne babban birnin jihar, Honolulu, yake, inda aka haifi Barack Obama a 1961, kuma a nan ne Pearl Harbor take, tashar da Japan ta kai wa hari a 1941. Mutum kusan miliyan ɗaya ne ke zaune a tsibirin.

Duwatsu biyu masu aman wuta ne suka gina Oahu: Waianae a yamma, Ko'olau a gabas. Ko'olau ya gama babban amansa fiye da shekara miliyan ɗaya da rabi da suka wuce. Masana ƙasa sun ce wani babban ɓangare na gefensa na arewa maso gabas ya zaftare ya afka teku, zaftarewar da ake lissafawa cikin mafi girma da aka sani a duniya. Har yanzu ɓaraguzan na kwance a ƙarƙashin ruwa. Guda ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Tuscaloosa, tsawonsa ya kai kilomita 30.

Abin da ya rage sai ruwan sama ya shiga sassaƙa shi. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas kusan duk shekara tana kwaso danshin teku, ta ci karo da bangon Ko'olau, ta tashi sama, ta zubar da shi. Akwai wurare a saman tsaunin da ke samun ruwa fiye da milimita 5,000 a shekara, alhali Waikiki, unguwar otal-otal da ke 'yan kilomitoci a ɗaya gefen, ba ta cika wuce 600 ba. Ruwan nan ya yi ta cin dutse daga hagu da dama, kwari ya yi ta zurfi, har abin da ya saura tsakanin kwari da kwari ya koma siririn doro mai kaifi. Haka jerin Ko'olau ya miƙe kimanin kilomita 60, ƙololuwarsa mafi tsayi, Konahuanui, mita 960.

Olomana ya tsaya shi kaɗai a gaban wannan bango, kusa da garin Kailua, a cikin wurin da bakin dutsen mai aman wuta yake a da. Dutsen jikinsa ya fi na kewaye tauri, shi ya sa ruwa ya cinye maƙwabtansa ya bar shi tsaye. Mutanen Hawai na asali suna da nasu labarin. Sun ce Olomana wani ƙaton jarumi ne da ya mallaki gaɓar daga Makapuu zuwa Kualoa, har sarkin Oahu ya tura masa wani mayaƙi mai suna Palila, wanda ya sare shi gida biyu. Rabi ya faɗa teku, rabi ya zama tsauni. Labarin kakanni da binciken masana sun haɗu a wuri guda: rabin abin yana cikin ruwa.

Tsayin ganuwowin Ko'olau ya daɗe da shiga tarihi. A 1795, lokacin da Sarki Kamehameha na ɗaya ya ci Oahu da yaƙi, dakarunsa sun kora mayaƙan abokin gabarsa Kalanikupule har bakin gangaren Nuuanu, inda ɗaruruwa suka rikito. A 1898 leburori masu gyaran hanya suka tono ƙoƙon kai kusan 800 a gindin wurin.

Daga bakin titi zuwa ƙololuwa ta farko

Hawan Olomana yakan fara da yaudara. Ana bin kwalta mai santsi da ke shiga wani filin wasan golf, ana hira ana dariya, sannan a karkata hagu a shiga daji. Nan da nan ƙasa ta koma jar laka, saiwoyin itatuwa sun fito sun yi matakala. Ana haki, ana gumi, amma babu abin tsoro. Wanda bai saba ba yakan ɗauka haka za a yi ta tafiya.

Bayan an wuce kurmin wasu dogayen itatuwa masu siraran ganye da iska ke kaɗawa, sai hanya ta fara tsukewa. Itatuwa su gajarce, sama ta buɗe, gefe da gefe su zame su yi ƙasa. Daga nan hannu ya shiga aiki. Akwai wani bangon dutse mai tsayin mita huɗu zuwa biyar da ya tare hanya, igiyoyi na reto a jikinsa. A nan ne ake fara gane amfanin aboki: na sama yana faɗa wa na ƙasa inda zai sa ƙafa, na ƙasa yana karɓar jaka, kuma ba a hawa biyu-biyu, domin dutsen da ƙafar na sama ta ɓamɓaro kan na ƙasa zai sauka.

Igiyoyin nan ba gwamnati ce ta ɗaura su ba. Masu hawa ne ke kawowa su bari, babu mai duba su, babu wanda zai ce ga ranar da aka ɗaura wannan. Rana ta gasa su, ruwa ya jiƙa su, kaifin dutse ya goge su. Ƙwararru kan ja hankali cewa igiyar taimako ce kawai, kada mutum ya sakar mata nauyinsa gaba ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce a kowane lokaci gaɓoɓi uku su kasance a kafe, ɗaya ce kawai ke motsi: ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya. Shi kansa dutsen ba abin amincewa ba ne. Shekaru aru-aru na ruwa da zafi sun ruɓar da shi, sai ka kama gefen da ka ga kamar ƙarfe ne ya marmashe a tafinka. Shi ya sa ake girgiza kowane dutse da kowace saiwa kafin a dogara da su.

Mai matsakaicin ƙarfi yakan kai ƙololuwa ta farko cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wurin ƙarami ne, mutum goma sun cika shi. Amma abin da ido ke gani daga nan ya biya wahala. Ga Kailua da farin yashinta, garin da Obama ya riƙa hutun ƙarshen shekara lokacin yana shugaban ƙasa. Ga tagwayen tsibiran Mokulua a cikin ruwa mai shuɗi da kore. Ga fadamar Kawainui, mafi girma a duk Hawai. Ga mashigin Kaneohe a arewa, ga Waimanalo a kudu, sannan a bayanka ga koren bangon Ko'olau, gajimare na kwance a wuyansa. Wannan ce ƙololuwa mafi tsayi a cikin ukun, kuma daga ita ake ganin komai. Biyun da ke gaba, Pakui da Ahiki, duk sun fi ta gajarta.

Inda shawara ke rabuwa

To me ke kai mutane gaba? Ahiki ce. Daga ƙololuwa ta farko ana hango ta tsaye, siririya, mai tsini, kamar an fere ta da wuƙa, kuma kusa take a ido. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Zuwa ta biyu ba ya ɗaukar lokaci. Daga bayanta ne lamari ke canzawa. Sai an sauka wani gangare mai tsawo da ya kusa miƙewa tsaye, ana ba kwari baya, ana riƙe da igiya, ƙafa na lalube a inda ido ba ya gani. A ƙasa kuma doron ya tsuke sosai. Wanda ya taɓa bi ta kan katangar gidan ƙasa bayan ruwan Agusta zai fahimci faɗin wurin da santsinsa, sai dai a nan abin da ke hagu da dama rami ne na ɗaruruwan ƙafa. Akwai wani dutse mai huda a tsakiya da ya tsaya a kan hanya, dole a kewaye shi ta gefe, jiki na shafar dutse, duga-dugai na kallon sarari. Wasu na rarrafe, wasu na jan gindi, kuma babu kunya a cikin hakan. Bayan an taɓa Ahiki, babu wata hanyar sauka da aka amince da ita. Duk abin da aka bi sai an sake bin sa, da gajiyayyun cinyoyi da busasshen maƙogwaro. Tafiyar gaba ɗaya kimanin kilomita bakwai ce, amma takan ci awa huɗu zuwa shida.

A saman ƙololuwa ta farko ake yin muhawarar da ta fi hawan kansa muhimmanci. Kusan kowane ayari yana da mai zafin jini, wanda ya taɓa zuwa ko ya kalli bidiyo, yana cewa saura kaɗan, ai mun riga mun zo. Yana da mai ɗaukar hoto, wanda hankalinsa ke kan abin da zai ɗora a Instagram. Yana kuma da mai shiru, wanda gwiwarsa ke rawa tun daga bangon farko, amma ba ya son a ce shi ne ya kashe wa mutane gwiwa. Kara da kunya halaye ne na kirki a zaure, amma a kan doron da bai kai taku ɗaya ba suna iya zama ajali. Mutumin da ya bi abokai don gudun gori yana tafiya ne da tsoro biyu, na rami da na baki, kuma tsoro na sa jiki ya sandare, hannu ya yi gumi, ido ya rufe.

Masu nazarin haɗurran tsauni sun daɗe da lura cewa taro kan ba mutum ƙarfin halin da ba nasa ba. Kowa na ɗauka wani ya duba hasashen yanayi, wani ya san hanya, wani ya riƙo isasshen ruwa. Ganin na gaba ya wuce lafiya sai ya zama hujja ga na baya, alhali tsawon ƙafarsu ba ɗaya ba, kuma dutsen da ya ɗauki mutum uku yana iya sakin na huɗu. In abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne rai na hannun Allah, amma jerin waɗanda suka mutu a Olomana ya nuna cewa tsautsayin nan ya san adireshi: bayan ƙololuwa ta farko yake zaune.

Ƙungiyar masu hawa mafi daɗewa a tsibirin, Hawaiian Trail and Mountain Club, wadda aka kafa a 1910, tana fita kusan kowane mako, tana kuma share hanyoyi da adda. Tsarin irin waɗannan ƙungiyoyi a bayyane yake: akwai jagora, ana ƙirga mutane a farko da ƙarshe, ana bayyana wahalar hanya tun kafin a tashi. Ayarin abokai da suka haɗu ta WhatsApp daren jiya ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai in sun ƙirƙira da kansu.

Matakala 3,922

Olomana ba shi kaɗai ba ne mai irin wannan hanya a Oahu. Akwai Puu Manamana a saman kwarin Kahana, akwai Pali Notches, akwai doguwar hanyar da ke bin saman Ko'olau, wadda ma'aikatan shirin samar da aiki na gwamnatin Amurka suka sare a shekarun 1930. Amma wadda ta fi suna ita ce Matakalar Haiku, da ake yi wa kirari da matakalar zuwa sama.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar ruwan Amurka ta buƙaci tashar rediyo ta sirri da za ta iya aika saƙo ga jiragenta a faɗin Fasifik. Sai aka ja wayoyin eriya daga wannan bango na kwarin Haiku zuwa wancan, aka kafa tsani na katako don ma'aikata su hau. A shekarun 1950 aka maye shi da na ƙarfe, taki 3,922, yana bin kaifin doron har cikin gajimare. An rufe shi ga jama'a a 1987. Birnin Honolulu ya kashe dala 875,000 ya gyara shi a farkon shekarun 2000 da niyyar buɗewa, amma rigimar hanyar shiga ta hana.

Zuwan kafofin sada zumunta ya mayar da haramtacciyar matakalar abin gasa. Mutane suka riƙa tsallaka shingen gidajen unguwar da tsakar dare don kauce wa mai gadi, duk da tarar da kan kai dala 1,000. Mazauna suka gaji da ƙorafi. A Satumban 2021 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar cire matakalar, magajin gari Rick Blangiardi ya amince. An fara aikin a Afrilun 2024, sai ƙungiyar masu kare matakalar ta garzaya kotu, kotu kuma ta dakatar da shi. Abin mamaki, sanarwar cirewar ce ta ƙara jawo masu son hawan bankwana, har 'yan sanda suka yi kame.

Wa zai biya kuɗin ceto?

Idan mutum ya maƙale ko ya faɗo, lambar 911 ake kira, kuma 'yan kwana-kwanan Honolulu ne ke zuwa, sau da yawa da jirgi mai saukar ungulu. Matuƙi ya tsayar da jirgi a iska kusa da bangon dutse, a zuro ma'aikaci da igiya, a ɗauko mutum. Aiki ne mai haɗari ga masu ceton kansu, ga iska mai juyawa, ga gajimaren da kan rufe doro cikin 'yan mintoci.

Ba a cajin wanda aka ceto. An sha gabatar da ƙudiri a majalisar dokokin jihar cewa wanda ya tsallake allon gargaɗi ya shiga haramtaccen wuri ya biya kuɗin cetonsa. Masu goyon baya na cewa bai kamata mai biyan haraji ya ɗauki nauyin ganganci ba. Hukumar kwana-kwana kuwa ta nuna adawa, bisa hujjar cewa tsoron biyan kuɗi zai sa mutane su jinkirta kira har dare ya yi ko rauni ya tsananta, aikin ya ƙara wuya.

Rufe wuri ma ba ya kashe kwaɗayinsa. A watan Mayun 1999 duwatsu suka zubo kan masu shaƙatawa a magangarar ruwa ta Sacred Falls, mutum takwas suka mutu, kusan 50 suka jikkata. Tun daga ranar wurin ke rufe, amma har yau ana kama masu satar shiga. Wannan ne ya sa abin da aka yi a Olomana ya ja hankali. Maimakon hani, sai aka faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya faru, aka bar su da hankalinsu. A 2024 hukumar kula da filaye da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce tun da aka kafa allon ba a sake samun mutuwa a wurin ba zuwa lokacin. Allon ya yi wani aikin da ba a rubuta a jikinsa ba: ya ba mai shirun cikin ayari hujjar da zai nuna ba tare da an kira shi matsoraci ba.

Dajin da ake takawa

Ba mutum kaɗai ke shan wahala a kan waɗannan dorori ba. Saman Ko'olau na daga cikin mafakar ƙarshe ta tsirrai da halittun da babu su ko'ina a duniya sai Hawai. Akwai itacen ohia mai jan fure, wanda shi ne ginshiƙin dajin asali, yana riƙe ƙasa, yana tatso ruwa daga hazo zuwa rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa da Honolulu ke sha. Wata cuta mai kama da fumfuna ta kashe ɗimbin itatuwan a babban tsibirin Hawai, an kuma gano ta a Oahu a 2019. Tana iya bin lakar takalmi daga daji zuwa daji, shi ya sa ake roƙon masu hawa su kankare takalmansu kafin shiga da bayan fita.

Akwai kuma ƙananan katantanwa masu zane da ke rayuwa a kan ganye. Ranar 1 ga Janairun 2019, na ƙarshe a wani jinsi daga cikinsu, wanda masu bincike suka laƙaba wa suna George, ya mutu a ɗakin kiwo, jinsin ya ƙare ke nan. Ɓeraye, aladun daji da wata gwaibar daji da aka shigo da ita daga Birazil duk suna cin dajin. Kowace sabuwar hanya da masu neman hoto suka ɓalle takan zama magudanar ruwa, ƙasa ta zaizaye, doron ya ƙara sirancewa. Abu ɗaya da mai hawa ba zai damu da shi ba shi ne maciji mai dafi, domin babu shi a dazukan Hawai. Ruwan rafi kuwa ba a shan sa ɗanye, saboda cutar da fitsarin dabbobi ke zubawa a ciki.

Kafin a ɗaura takalmi

Shawarwarin da masu ceto ke nanatawa ba su da yawa. Kada a hau bayan ruwan sama ko ana hasashensa, musamman daga Nuwamba zuwa Maris da damina ke kankama. A tashi da sassafe, domin a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe shida, duhu kuma ba ya jira. A riƙe ruwa isasshe, takalmi mai kama ƙasa, tocila, da waya mai cikakken caji. A bar wa wani a gida sunan hanya da lokacin dawowa. In an ɓata ko an maƙale, a tsaya wuri guda a yi kira, kada a nemi yanke.

Sauran aikin na abokai ne, kuma a bakin mota ake gama shi, tun ba a ga ƙololuwa ba. A tsayar da ƙarfe nawa za a juya, ko an kai ko ba a kai ba. A yarda cewa tafiya da saurin mafi rauni za a yi ta, kuma ba a barin kowa shi kaɗai a baya. A yarda cewa in mutum ɗaya ya ce ya isa, to ya isa, babu gori a hanya, babu zolaya a gida. Mai karatu, ko Olomana ne ko wani dutse ne kai da abokanka kuka nufa, ka zama wanda zai fara cewa a juya, ka kuma zama na farko da zai mara wa wanda ya faɗa baya.